Ranar da Munka Ƙi Gudu a Kasuwar Tungar Maikaho

Jawabin Kawu Shafi'u a wurin addu'ar bakwai ta marigayi Halilu Gajere, mai gidan kallo. An ɗauka a waya, an rubuta yadda ya faɗa.

Da sunan Allah nike farawa, wanda yab ba mu rai aro, shi ka karɓar abinai ranar da yas so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonai.

Ranka shi daɗe wakilin Uban Ƙasa, da kat taso tun daga Rabah. Ranka shi daɗe Hakimin Tungar Maikaho. Allah gafarta Malam Liman. Mai girma Kansila. Dattawan Tursa da na Marnona, da 'yan kasuwar albasa da sunka zo daga Wurno da Goronyo, sannunku da hanya. Maryam, matar marigayi, ke da matan da ke bayan dangar can, na san kuna ji na. Humaira, ɗiyar marigayi, sannu da haƙuri. Umar Faruk, babban ɗanai, da kaz zamna can nesa gindin dogonyaro kai da abokanka, ina gaishe ka ko ba ka amsa ba.

Akwai gaisuwa guda da ba ni da wanda za ni miƙa ma ita. Ardo Mainasara na rugar bayan fadama bai zo ba. Shekara talatin ba a yi suna ko zaman makoki a garin ga ba shi ba. Yau babu shi, kuma kowa a nan ya san dalili.

Minti biyar anka ba ni. Ba ni da agogo, sai ku yi haƙuri.

Kafin in yabi mamaci, za ni faɗi abin da ke damuna, don kada wani shi ce na yi mai kwana-kwana. Ranka shi daɗe Hakimi, yau bayan la'asar, sa'ad da shanu ka dawowa, akwai samari bakwai na garin ga da sunka yi rantsuwa za su rugar Ardo. Na ga jarkunan fetur bayan maƙera. Na ji ƙarar wasa adda kwana biyu a jere, ga shi ba lokacin sassabe ba ne. Shugabansu ɗan wanda munka taru don shi ne. Kada kowa shi taɓa su, kada a kama kowa. Ku bar ni in yi magana tukuna.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da Allah yab ba ni shi ne riƙo. In ana gardamar shekarar da anka gina rijiyar kasuwa, ni ake kira. Na san wanda yah haifi wane har kaka huɗu. Kun kuma san ni da taurin kai. Shekara saba'in da takwas, ba wanda yat taɓa jin na janye magana.

Halilu ya kasance abokin gabata kafin shi zama abokina. Ranar da yad dawo daga Sakkwato da talabijin da janareta yak kafa rumfar kwano bakin kasuwa, ni nit tafi wurin mahaifin Hakimin ga nic ce a rufe ta. Ba a rufe ba. Shekara uku ina wucewa ta ƙofar rumfar fuskata na kallon gabas. Ruwan sama ne yas sa ni ciki. Wata ranar kasuwa yat tsuge, ba wurin fakewa sai nan. Halilu yat tashi daga bencinai yab ba ni. A talabijin wani ƙato ya shiga wani gida da bindiga biyu, hagu da dama, shina ta zubar da mutane. Kan bene, ƙarƙashin bene, bakin taga. Yara na ihu suna tafi. Ni kuwa da bakina ba shi zama, nic ce, "Waɗanga duka wa ka wanke su?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Halilu bai yi dariya ba. Yad danna rimot, ƙaton yat tsaya cik, ƙafa guda a sama. Yac ce, "Kawu, shekara goma nike kallon fim. Ban taɓa ganin an wanke gawa ba."

Daga ranan munka samu sana'a ni da shi, sana'ar da ba mai so sai mu. Duk fim ɗin da anka yi kisa da yawa, sai shi tsai da shi, shi nuna wani maigadi da yaf faɗi can gefe wanda ko fuskatai ba a nuna ba, shi ce, "Kawu, wanga fa, ɗan wa na?" In ce, "Wanga ai Nomau na, autan uwatai, an sa ranar aurenai bayan girbi." Shi nuna wani. In ce, "Wanga bai ma so aikin ba, kawunai yas sama mai." Samari su yi ta bugun benci. "Gajere, sakam muna fim! Ba wa'azi munka zo ji ba!" Shi ce, "Kai, rufa baki, mai kai awa tulu. Mutum arba'in sun mutu gabanka kana cin gyaɗa." Sannan shi saki. Da yawa cikinku da ke zamne nan kun zage mu kan haka. Na riƙe sunayenku, amma na yafe.

Ya kasance mutum mai ra'ayi kan kowane fim, kuma da ma'aunin albasa shike auna su. In fim ya cika ƙara da wuta ba labari, sai shi ce, "Wanga lawashi na, ba kai." Manyan finafinan da sunka fito shekarun ga, waɗanda ake kashe ma dukiyar da ta isa ta gina gari, yawancinsu lawashi shike ce musu. Akwai wanda wasu ƙarti biyu sunka yi faɗa sunka rushe birni guda, benaye na faɗuwa awa karan dawa, daga ƙarshe jarumin ya rungume ɗiyatai cikin ɓaraguzai ana kiɗa. Halilu yac ce, "To garin ga ba masu tireda a ciki? Ba masu jego? Ba tsohon da bai iya saukowa bene? Ɗiyar mutum guda ta tsira, an ce mu yi murna." Shina jin haushin bindigar da harsashinta ba shi ƙarewa. Shina jin haushin jarumin da za a harba a kafaɗa shi yagi riga shi ɗaure shi ci gaba da gudu. Abin da yaf fi ƙona mai rai kuwa shi ne finafinan ramuwa. An kashe ma mutum ƙane, ya tashi ya kashe ɗari. Halilu shi kan ce, "Ku duba bayan faifan. Kashi na nawa na? Na shida. Da ramuwa na ƙarewa, da a kashi na ɗaya an tashi. Kowa yak kashe shina da wa, shi ka zuwa a kashi na gaba."

Kada ku ɗauka ba shi son su. Shina son su ƙwarai. Akwai wani tseren motoci kan hanyar dutse, mota na bin mota bakin rami, da yam maido baya sau huɗu, shina tsaye, hula a hannu, shina kiran sunan Allah. Yac ce duk wanda yat tuƙa motar can, in ya zo Tungar Maikaho shayi kyauta gare shi har mutuwa. Son da shike musu ne yas sa ba shi raga musu.

Ya kasance dattijo mai furfura a gemu da ba shi kunyar kallon katun, finafinan zane da ake yi don yara. Kun yi mai dariya kan haka, har ni. Ba duka shike yabo ba. Ya ce waƙa ta yi musu yawa, ko akuya za ta sha ruwa sai ta rera baiti uku. Ya ce a cikinsu ɗiya ka koya ma iyaye hankali, kuma wanga ba tarbiyya ba ne. Ya ce idanun da ake zana musu sun kai faranti. Amma bara yas samo wani, na wani jaki da ubangidanai mai tallar gishiri. Mai gishirin ya faɗi ya mutu a hanya tun farkon fim. Sauran fim ɗin duka jakin ne ɗauke da kaya shina neman hanyar gida, in ya isa kuma ba shi da bakin da za shi gaya ma matar gidan abin da yaf faru. Halilu ya kalle shi ya fi sau ashirin, duk sa'ad da jakin yat tsaya ƙofar gida sai shi share ido da hannun riga shi ce hayaƙin janareta ne. Yac ce mani, "Kawu, ka gani? Mutum guda yam mutu, sun yi awa ɗaya da rabi a kai. Wanga shi na mai kai." Ni ma na kalle shi sau uku. Ku riƙe wannan, sau uku.

Ya kasance mai kashe talabijin in an kira salla ko da jarumi na rataye a bakin gada. Malam Liman shaida ne, sun yi shekara suna faɗa kafin su daidaita. In anka zo wurin da bai kamata yara su gani ba, shi kan tsaya gaban talabijin shi buɗe babbar rigatai har a wuce, ga shi gajere, sai ya hau bulo. Ya kasance lasifikatai da yaɗ ɗaure kan dogonyaro ita ce bakin garin ga. In yaro ya ɓata a kasuwa, Halilu. In tunkiya ta ɓata, Halilu. In za a yi jana'iza, in masu rigakafi sun zo, in dam ɗin Goronyo za shi saki ruwa a kwashe abin da ke fadama, Halilu.

Wagga lasifika ita ce kuma tallatai. Kowace ranar kasuwa shi kan haɗa ta da talabijin, duk harbin da ake a fim a ji shi har layin mahauta. Farkon abin mun firgita. Daga baya munka saba. Daga sabo munka mai da shi abin alfahari. Da harbin Halilu muke gane baƙo. In lasifika ta yi tatatata, ɗan gari ko kai ba shi ɗagawa, baƙo kuwa sai shi zube. Kun tuna mai tafarnuwa daga Goronyo da yaf faɗa cikin buhunan mutane, takalmi guda a hannu? Wata uku muna kwaikwayonai. Ni nif fi kowa iya kwaikwayon. Shekara shida muna haka. Ana kai hari ƙauyukan da ke kewaye da mu, muna jin labari, muna zuwa gaisuwa, mu dawo kasuwarmu mu yi ma mai gudu dariya. Ba wanda ka so a ce mai baƙo a garin ubanai.

Yau kwana bakwai. Bayan azahar ne, kasuwa ta cika. Ina zamne inda nike zama kullum, kan benci bakin rumfar Halilu. Dama da ni Sa'adu mahauci shina yanka nama. Hagu da ni Rahama, matar Ardo Mainasara, da ƙwaryar furarta. Sai munka ji harbi daga wajen fadama.

Mutane sun tashi. Wallahi sun tashi, na gani da idona. Sa'adu ya aje wuƙa. Rahama ta riga ta aza ƙwarya a kai, ta kama bakin zane. Jikinsu ya gaya musu gaskiya. Sai wani yac ce, "Ku zamna, fim ɗin Halilu na." Anka yi dariya. Sa'adu yaɗ ɗauki wuƙatai. Rahama tas sauke ƙwarya tac ce, "Kai, Kawu, yau saura kaɗan in zama baƙuwa."

Kwana bakwai ana tambaya wa yaf faɗi wagga magana. Ni ne. Ni sunka duba, don ni ka zama bakin rumfa, ni nis san fim ɗin da ke ciki. Jakin mai gishiri ne Halilu yas sa ranan, don yara. Babu harbi ko guda a cikinai. Na sani, na kalle shi sau uku. Ban tsaya na yi tunani ba. Bakina ya saba da maganar, kuma ban so a ga na firgita gaban mata.

Ba a yi minti biyu ba babura sunka shigo ta layin masu hatsi, uku-uku a kan kowane. Sa'adu na tsaye, harsashi yas same shi a wuya, yaf faɗa kan teburinai, jininai da na saniyar da yay yanka sunka gauraya har ban san wanne ne wanne ba. Rahama ta samu taku huɗu. Na ƙirga. A baya anka same ta, taf faɗi rub da ciki, nono ya malale har ƙarƙashin bencina. Ni faɗuwa niy yi tsakanin benci da kwano, ba dabara ba ce, gwiwa ce tak ƙi ɗaukata. Can nesa mutane ba su san abin da ake ba. Layin masu tufafi ana ta ciniki. Na ga wani shina gwada hula a madubi.

Halilu ya gane tun harbin farko. Rumfatai na da ƙofa ta baya, taku goma tsakaninta da gonar dawa da ta fi mutum tsawo. Ya tura yaran da ke ciki ta nan, duka sun tsira, ga iyayen wasunsu nan zamne. Da ya bi su da yanzu shina nan shina gardama da ni. Bai bi su ba. Ya koma ya zare wayar talabijin ya ɗauki abin maganar da shike cigiyar tumaki da shi. Duk kun ji shi. "Ba fim ba na! Jama'a ku gudu, ba fim ba na! Ku bi ta masallaci, kada ku bi fadama! Halilu na ka magana, wallahi ba fim ba na!"

Sannan kasuwa taf fashe.

Su ma sun ji shi. Sunka harbi lasifikar kan icce ba su same ta ba. Sai sunka bi wayar da ido har rumfa, sunka buɗe ma kwanon wuta. Ina kwance jikin kwanon, ina ganin rana na shigowa ta hudojin. Bai daina ba. Muryatai ta canza amma bai daina ba, shina ta faɗin ta masallaci, ta masallaci. Daga baya ba magana, sai numfashi. Garin ga duka ya ji numfashin Halilu ta lasifika, awa ana jan zarto cikin ɗanyen icce, har mai ya ƙare a janareta.

Mutum tara munka rufe. Ina cikin masu wanka. Umar Faruk, kai kana Rabah ka kai fasinja a babur ɗinka, kad dawo kat tarar an sa mai likkafani. Ba mu bari ka buɗe ba. Yau za ni gaya maka abin da ke ciki, don kai ne ka shirin ɗaukar bindiga. Harbi biyar ne. Inda yash shiga ɗan rami ne, yatsa na rufe shi. Inda yaf fita kuwa, tafin hannuna bai rufe ba. Guda a kafaɗa yas same shi, wurin da jarumawa ka ɗaurewa da tsumma su ci gaba da gudu. Hannun ya rage fata kawai ta riƙe shi, sai da munka ɗaure shi da ƙyalle a jikinai kafin mu iya juya shi. Munka zuba ruwa tulu shida bai daina fitowa ja ba. Malam Liman ya fita waje sau biyu. Abin da bindiga ka yi ke nan, ko a hannun wa take.

Na san abin da kaj ji a maƙabarta. Na ji shi ni ma. Wasu na cewa lasifikar Gajere ce tak kashe mutane, da bai saba muna da harbi ba da mun gudu. Ka haɗiye wannan, ya tsaya maka a ƙirji, kana neman wanda za ka sauke ma shi. To ku saurara, ku masu faɗa. Ranan fim ɗin jaki anka haɗa da lasifika. Ba ita tac ce ku zamna ba, ba Halilu yac ce ku zamna ba. In akwai mai zargin da za shi yi, ga ni, ba ni iya gudu. Na yi kuskure. Kun ji na faɗa. Wanda bai ji ba a maimaita mai.

Sannan maganar ruga. An ce ta bayan ruga sunka ɓullo. Ta ina za su ɓullo? Da damina wace hanya babur ka bi ban da wannan? Kai kanka, Umar Faruk, ta nan kake bi da fasinja. An ce an ji suna Fillanci. Ni ina kwance taku biyar daga ƙafafunsu. Na ji Fillanci, na kuma ji Hausa wadda ta fi tawa kyau. Kafin su iso gare mu sun kora shanun Mainasara arba'in da ɗaya, sun fasa ma ƙanenai kai da gindin bindiga, har yau bai gane mutane ba. Matatai na kwance kabari na uku daga na ubanka. Wanga shi ne ɗan leƙen asirin naku?

Ku bakwai, bari in gaya muku wa za ku tarar in kun tafi, don ba ku tambaya ba. Bukka ta farko akwai Inna Fatimatu, uwar Ardo, makauniya, ita tay yi ma uwar ɗaya daga cikinku unguwarzoma ranar da ruwa yac cika fadama ba a iya kai ta asibiti ba. Ya san kanai, ga shi can ya sunkuyar da kai. Bukka ta biyu akwai Raihana, ɗiyar Rahama, jegonta kwana ashirin. In kun zuba fetur, ita ce ba ta iya fita da sauri. Akwai yara goma sha ɗaya, huɗu daga ciki suna rumfar Halilu ranan, da hannunai yat tura su gonar dawa. Ya ba da rai nai sun fita, ku za ku je ku ƙone su? Waɗanda sunka yi muna wanga aiki kuwa suna can daji, ba ku san ko sunan guda ba, kuma za su yi murna in sun hangi hayaƙi. 'Yan uwan Mainasara na nan har gabashin Goronyo. Za su ji. Sannan su zo, sannan ku koma, sannan ni ko wani shi sake ɗaukar tulu.

Ban ce ka yafe ba, Umar Faruk. Ban isa ba, ni kaina ban yafe ba. Ban ce kada a tsare gari ba, ga wakilin Uban Ƙasa nan, ga Kansila, su ji da kunnensu cewa mun gaji da rufe mutane. Abu guda nike roƙonka, kuma ƙarami ne.

Ni akwai maganar da ke kaina. Mainasara bai san abin da yas sa matatai tas sauke ƙwarya ba. Wajibi ne shi ji daga bakina, in ya so shi tofa mani yawu. Da an shafa fatiha za ni rugar Ardo. In na gama faɗa mai, za ni shimfiɗa buzuna bakin shingen shanu in zamna, yau da gobe da jibi. Duk mai zuwa da fetur ta kaina za shi bi, shi dube ni, in kira sunan ubanai da na kakanai. Sai dai ƙafata ba ta kai ni. Tun ranan gwiwar ga ba ta miƙe ba. Babura sun fi ashirin a ƙofar gidan ga, na sani. Naka nike so. Kai za ka kai ni.

Ina jiranka.

Kada kowa shi yi mai magana. Ranka shi daɗe Hakimi, don Allah a ƙyale shi. Kai da ke riƙe da rigatai ta baya, sake shi, ba da kai nike ba.

Ba ni zama sai ka amsa. Ka san ni. Ubanka ya yi shekara uku shina jiran in shiga rumfatai, ni ma na iya jira.

Mi? Ku yi shiru, ana magana bayan danga. Humaira, matso, mi uwarku tac ce?

To. Ga saƙon Maryam, ga wanda bai ji ba. Kun san ba ta kiran sunan ɗan fari. Cewa tay yi, "A gaya ma yaron ga shi kai Kawu. In bai kai shi ba, ni za ni ɗauki mayafi in raka shi da ƙafa, da takabata."

Ka ji uwarka.

Ku ba shi hanya. Ku janye tabarmar nan. Zo, ɗana. A'a, kada ka durƙusa, ba ni da abin da za ni sa maka albarka da shi yau. Share fuskarka. Abin nan da ke ƙarƙashin rigarka, miƙa ma Hakimi shi aje maka. Ba don komi ba, ni za ni zamna bayanka, hanyar fadama duk ramu ce, ba ni son ƙarfe shina sukata a ciki.

Madalla. Ku shida da kunka rage, ga Malam Liman nan, shina son ganinku kafin azahar.

Na gode ma wakilin Uban Ƙasa da Hakimi da sunka bari tsoho yaw wuce minti biyar. Na gode ma baƙinmu na Wurno da Goronyo da Tursa da Marnona, Allah shi mai da kowa gida lafiya. Na gode ma matan da sunka yi kwana bakwai bakin murhu. Maryam, na gode.

Ya Allah, ga bawanKa Halilu ya zo gare Ka da raunukan da Ka sani. Ka jiƙan shi, Ka yalwata mai kabari, Ka karɓi shahadatai. Ka jiƙan Sa'adu, Ka jiƙan Rahama, Ka jiƙan sauran shidan da munka rufe tare da su. Ka ba ƙanen Ardo lafiya. Ka raya marayun gari da na ruga. Waɗanda sunka zo muna da wuta, Ka fi mu sanin inda suke, mun bar Ka da su. Ka riƙe hannun samarinmu yau da la'asar, da gobe, da ranar da ba ni nan. Ni kuma, ya Allah, Ka sassauta zuciyar Mainasara in na buɗe baki gabanai.

Malam Liman, a shafa muna. Hanya na jiranmu.